Keken mai burodi da ya ɓace a bakin Babbar Kasuwar Yamai

Yaron da wannan lamari ya shafa Ba'adare ne, daga wani ƙauye na jihar Tawa, shekarunsa ba su wuce 22 ba. Ba zan ambaci sunansa ba, haka ma sauran waɗanda abin ya biyo ta kansu, don dukansu suna nan cikin gari kuma suna haɗuwa a hanya. Ya zo Yamai bida kamar yadda samarin Adar suka saba, ya sauka wajen wani yayansa mai shayi a Bukoki. Da farko kofuna yake wankewa, daga baya ya samu aikin raba burodi. Kullum kafin a kira assalatu yana ƙofar gidan burodi, ya loda kwali biyu a bayan keke, ya bi teburan masu shayi na Bukoki da Lazare yana saukewa. Da hantsi ya dawo ya karɓi kuɗi. In rana ta yi kuma, masu shayin nan su ne suke aikensa kasuwa ya sayo musu madara, sukari da ganyen shayi, su ba shi ɗan abin da ya samu.

Keken tsohon hannu ne, baƙi, irin mai ƙarfin nan da ake ɗora wa kaya. Jika 45, wato sefa dubu 45, ya saye shi a hannun wani ɗan garinsu da zai wuce Abijan. Babu takardar saye, babu shaida sai yayansa da ke zaune a wurin. Abu ɗaya ya ƙara masa: ya kai shi wajen mai walda aka faɗaɗa kariyar baya da rodi, aka yi mata ƙafafu biyu na ƙari don ta ɗauki kwalaye. Makullinsa kuwa shi ne wanda ya zo da shi, ɗan zoben nan da ke manne a jikin keke, wanda in an danna sai ƙarfe ya ratsa tsakanin wayoyin tayar baya ya hana ta juyawa.

Ranar da abin ya faru

Da bazara ne, lokacin da zafin Yamai kan haura digiri 40, kowa na neman inuwa. Wajen ƙarfe 1 na rana ya iso Babbar Kasuwa, wadda Zabarmawa ke kira Habu Bene. Duk wanda ya san kasuwar nan, tun da aka sake gina ta a 1987 bayan gobarar 1982, ya san katanga ce ta kewaye ta da ƙofofi, kuma ba wurin da mutum zai kutsa da keke mai faffaɗar kariya ba ne. Dole a bar shi waje. Akwai mai gadin babura da kekuna kusa da ƙofar da ya saba shiga, yana karɓar dala 10, wato sefa 50, a kan keke. Yaron bai kai wurinsa ba. Ya tsallaka titi zuwa teburin wani dattijo mai goro da katin waya, shi ma mutumin Adar, wanda yake kira Kawu ko da yake ba dangi ba ne. Ya jingine keken a gindin dogon yaro, taku huɗu ko biyar a bayan teburin, ya danna makullin taya, ya zare ɗan makulli ya jefa aljihu.

"Kawu, ga kekena nan, yanzu zan fito."

Dattijon yana ƙirga wa wata mata canji. Bai ɗago kai ba ya ce, "To, ɗana."

"Yanzu" ɗin ta zama kusan minti 40. Mai madarar da ya saba saye wurinsa ba ya nan, ya jira, ya zaga wani layin. Ana cikin haka aka kira azahar. Dattijo ya rufe teburinsa da buhu, ya ce wa maƙwabcinsa mai gyaran agogo ya duba masa tebur, ya ɗauki buta ya tafi. Bai ambaci keke ba. Da yaron ya fito da kwali a ka, gindin dogon yaro wayam.

Abin da aka gani a wurin ya isa ya ba da labarin duka. Babu guntun ƙarfe, babu alamar an fasa wani abu. A cikin rairayin gefen titi sawun taya ɗaya ne tak, siriri, ya miƙe har zuwa kwana, da sawun takalmi a gefensa. Wata yarinya mai tallar ruwan sanyi ta ce ta ga wani mutum da riga mai tsabta ya kama sirdin da hannun dama ya ɗaga bayan keken, ya riƙe kan da hannun hagu, yana tura shi a kan tayar gaba. Ba ya sauri, ba ya waige. Ta ɗauka tayarsa ce ta yi faci yana neman mai gyara. Kowa ma da ya gan shi haka zai ɗauka, don kullum ana ganin irin wannan a titi.

Nan ne gaba ɗaya lamarin ya tsaya. Yaron ya kulle kekensa, amma a jikin kansa ya kulle shi. Makullin taya yana hana a hau keke a tuƙa, ba ya hana a ɗauke shi. Keke irin wannan nauyinsa bai kai rabin buhun shinkafa mai kilo 50 ba, kuma in aka bar tayar gaba a ƙasa, rabin nauyin ma ita ke ɗauka. Ɓarawon bai buƙaci zarto ko guduma a bainar jama'a ba. Kwanar titi ɗaya kawai yake so ya sha, daga nan ko dai ya jefa shi a amalanke, ko ya shiga wani lungu ya karya zoben a natse.

Neman da aka yi

Yayansa ya raka shi kwamisariya da yamma. An karɓi bayaninsu, aka tambaye shi abu biyu: takardar saye da lambar keken. Ba shi da ta farko, ta biyu kuwa bai ma san akwai ta ba. Yawancin kekuna suna da lamba da masana'anta ta buga a jikin ƙarfe, galibi a ƙarƙashi, daidai inda feda take juyawa, sai an kifa keken an goge ƙura ake ganinta. Wasu kuma tana jikin bututun da sirdi ke shiga, ko kusa da inda tayar baya ta ɗaure. Ba na ganin laifin wanda ya yi tambayar. Ko an kama baƙin keke goma gobe, da me za a ce wannan ne nasa? "Baƙi ne, yana da kariya" bayani ne da ya dace da kekunan masu burodi da masu ƙanƙara na rabin gari.

Sai ya koma neman ƙafa. Ya zaga wajen masu sayar da tsofaffin kekuna, ya shiga Katako inda ake samun kowane irin ƙarfe da kayan gyara, ya je Wadata, har ya tsallaka gadar Kennedy zuwa Harobanda don wani ya ce ya ga mai kama da shi. A kwanakin nan aikin burodi ya tsaya, aka ba wani. Wannan asarar ta fi ta keken ciwo, kuma ba a cika lissafa ta ba in ana maganar satar keke. Ga ɗan lakwal, keke ya ɓata yana nufin tafiya a ƙasa. Ga mai burodi yana nufin masu shayi goma sha wani abu sun saba da wata fuskar kafin ya dawo.

Bayan kusan wata ɗaya, a wajen wani mai faci a Talaje, ya hangi kariyarsa. Kariyar kaɗai, ɗaure a bayan wani shuɗin keke da ba nasa ba. Ya gane ta da ƙafafun nan biyu na ƙari, da wani wuri da waldar ta yi tudu a gefen hagu. Jikinsa na rawa ya kira yayansa a waya. Allah ya sa yayan mai sanyin rai ne, ya ce kada ya kuskura ya ɗaga murya sai ya iso. Na yaba wannan ƙwarai. Kalmar "ɓarawo" in ta fita a bakin titi ba ta komawa, kuma an sha dukan mutane har lahani a kan abin da daga baya aka gane saye suka yi. Mai shuɗin keken ya ce mai faci ya sayar masa da ita. Mai faci ya ce a cikin tarin tsofaffin kaya ya saye ta hannun wani mai yawo da amalanke, tare da feda da sirdi da birki, bai san sunansa ba. An ɗauko mai waldar da ya yi aikin, ya duba ya ce hannunsa ne. Mai faci ya mayar wa mai shuɗin keke kuɗinsa, aka kwance kariyar aka ba yaron.

Ma'anar wannan a fili take: an riga an wargaza keken. Taya ta yi gabas, sirdi ya yi yamma, gangar jikin wataƙila an sake mata fenti. Kayan gyara suna da kasuwa, balle tun 2023 da aka rufe iyaka da Benin a Gaya, kayan da a da suke shigowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Abin da ya yi nisan hanya ya yi tsada, tsohon kaya kuma ya ƙara daraja. Keken da aka sace yau, zuwa jibi ba lalle ne ya kasance keke ba.

Wa zai biya?

Wannan ne ɓangaren da ya fi ɗaukar lokaci, kuma shi ne na zauna a cikinsa da kaina. Yayan yaron ya tsaya a kan cewa dattijo mai goro ya biya rabin kuɗin, tunda an ba shi amana ya amsa. Dattijon ya ce shi bai karɓi ajiyar kowa ba, gaisuwa ya amsa. A rana mutum nawa ne suke ce masa "ga kayana nan"? Mai amalanke ya ce, mai babur ya ce, mai talla ta ajiye tire ta ce. In duk abin da ya ɓata a kewayen teburinsa shi zai biya, gara ya tattara ya koma gida.

Aka kai maganar gaban limamin unguwa bayan la'asar, a kan tabarma a ƙofar gidansa. Malam ya fara da abin da aka sani a fiƙihun Malikiyya: wanda aka ba ajiya ba ya biya in ta salwanta, sai in ya yi sakaci ko ya wuce gona da iri. Sannan ya juya ga dattijon.

"Alhaji, da ka tashi zuwa salla, me ka yi da teburinka?"

"Na rufe shi, Malam, na ce wa mai agogo ya duba mini."

"Keken fa, ka faɗa masa?"

Dattijo ya yi shiru, sannan ya ce wallahi ya manta da akwai wani keke a bayansa.

Malam ya juya ga yaron. "Kai kuma, ɗana, da ka ce ga kekenka, ya dube shi? Ka nuna masa inda ka jingine? Ka ce masa in zai tashi ya jira ka, ko ya damƙa wa wani?"

"A'a, Malam."

"Mai gadi yana tsallaken titi, me ya hana ka?"

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce dala 10 ɗin yake tattali.

Malam bai yanke wa kowa tara ba. Ya ce ajiyar da aka jefa wa mutum yana tsakar ciniki, bai gani ba, bai taɓa ba, ba ta cika ajiya ba. Amma wanda ya ce "to" ya ɗauki wani nauyi, ko da na ya ce "ba zan iya ba" ne. Ya roƙi dattijon ya taimaka wa yaron don zumunci, ba don hukunci ba. Dattijon ya ba da jika 10 cikin biya biyu. Yayan bai gamsu ba, har yau yana ganin an yi wa ƙanensa kwange.

Ni a ganina Malam ya yi daidai, kuma ba na jin dattijon ya yi ƙarya. Al'adarmu ce ta "duba mini" take da rami a tsakiya. Mai kaya ya tafi da natsuwar cewa akwai ido a kan kayansa, wanda aka ce wa kuma bai san ya zama mai gadi ba. Wannan natsuwar ce ta sa yaron ya yi minti 40 bai leƙo ba. Da ya san ba kowa, da ko dai ya biya mai gadi, ko ya fito tun da ya tarar mai madara ba ya nan. Kunya ma tana ciki: babba ba ya son ce wa yaron garinsu "a'a, kai shi wajen mai gadi", yaro kuma ba ya iya tsayawa a kan babba ya ce "Kawu, ɗago ka gani."

Keke na biyu

Da jika 10 ɗin nan, da zubin adashi da aka ba shi kafin lokacinsa, da bashin yayansa, ya sayi wani. Wannan karon a wajen mai sayar da kekuna, kuma bai bar wurin ba sai da aka kifa keken, aka karanto lambar, aka rubuta ta a takardar saye tare da launi da kuɗi da sa hannu. Ya ɗauki hoton lambar, da na takardar, da nasa tsaye kusa da keken, ya tura wa yayansa ta WhatsApp don ko wayarsa ta ɓata. Mai sayar da kekunan ya ƙara masa wata dabara: ya rubuta sunansa da lambar wayarsa a ƴar takarda, ya naɗe a leda, ya zare sirdi ya tura ta cikin bututun. Fenti ba ya shafe wannan.

Maganar makulli ta ɗan ja. Da farko ya so ya sayi igiyar wayar nan mai rufin roba, don ba ta da nauyi kuma tana da araha. Mai walda ya ɗauko guntun irinta ya sa babban almakashin da ake yanke rodi da shi, ya datse sau ɗaya ta rabu biyu. Siraran wayoyi ne aka murɗe, roba ce take sa ta yi kauri a ido. Wani ya ba shi shawarar tsohuwar sarƙar babur, wadda mutane da yawa ke amfani da ita. Ta fi waya, amma duk wanda ya taɓa gyaran babur ya san ƙusa ɗaya ake bugewa ta rabu. Daga ƙarshe sarƙa mai kauri ya saya, irin ta ƙarfe mai tauri wadda zarto ke zamewa a kanta, ya zura ta cikin tsohon tiyub don kada ta kankare fenti ko ta dame shi da ƙara, da kwado mai gajeren wuya. Dogon wuya yana ba almakashi wurin kamawa.

Yadda ake ɗaurawa ya fi sarƙar kanta muhimmanci, kuma nan ne na ga mutane da yawa suna kuskure. Sarƙar ta ratsa ta cikin gangar jikin keke da tayar baya tare, sannan ta zagaye abin da ba ya motsi. In tayar gaba kaɗai aka ɗaure, noti biyu za a kwance a bar wa mai keke tayarsa. A tsuke sarƙar kada ta yi lilo, kuma kada kwadon ya kwanta a ƙasa, don ƙasa ce take ba guduma abin dogaro. Abin da za a ɗaure a jiki shi ma a girgiza shi tukuna. Akwai turakun da in an ja sama suke fita daga rairayi, akwai gajeru da za a ɗaga keke da sarƙarsa a zare ta kai, akwai ƙaramin icen da adda za ta sare. Makullin tayar bai jefar ba, yana haɗa su biyu, don kowanne da irin kayan aikin da ake karya shi da su.

Babu makullin da ba ya karyuwa. Abin da sarƙa take saye shi ne lokaci da hayaniya, abubuwa biyu da mai ɗaukar keke a bakin kasuwa ba ya so.

Sai dai aikinsa ba ya barin a bi wannan a ko'ina. Mutumin da zai tsaya a tebur goma sha biyar kafin gari ya waye ba zai kwance sarƙa ya ɗaure a kowanne ba, kuma ba zai biya dala 10 a kowace tsayawa ba, ribar ba ta kai ba. Shi da kansa ya tsara abin da zai iya. In yana ganin keken daga inda yake tsaye, makullin taya ya isa. In bango ko ƙofa ko taron jama'a zai shiga tsakanin idonsa da keken, ko na minti ɗaya ne, sarƙa. In kasuwa ce ko gidan likita ko masallacin Juma'a, inda bai san yaushe zai fito ba, mai gadi, kuma ya karɓi tikiti ya duba an sa wa keken alama. Kuɗin gadin ya gaya wa masu aikensa su riƙa haɗawa a cikin kuɗin aike. Biyu sun yi gunaguni, sauran sun yarda. Da dare kuma, a gidan hayar da ƙofar waje ba ta rufuwa da wuri saboda masu dawowa a makare, ya sa an kafa zoben ƙarfe da siminti a jikin bangon ɗakinsu.

Abin da ya rage ba a hannunsa yake ba. A gefen titin da aka ɗauke keken farko, in mutum ya zo da sarƙarsa ma, da wuya ya sami abin ɗaurawa. Turakun lantarki na siminti sun yi kauri, gindin dogon yaron ya fi ƙarfin sarƙa mai tsawon hannu, kuma inuwarsa masu tebur sun riga sun raba. Mai agogon ne ya kawo shawarar su haɗa kuɗi a sayo bututun ƙarfe mai tsawon mita 3 a Katako, a yi masa ƙafafu, a binne da siminti a bayan teburansu, duk mai keke ya ɗaure a nan bisa sanin cewa ba wanda ya karɓi ajiya. Dattijo mai goro shi ya fara cewa zai ba da nasa kason. Mai katifu na kusa da su ya ƙi, ya ce wurin da yake baje kaya za a cinye, mai gadin tsallaken titi kuma ya aiko cewa abincinsa ake son taɓawa. An ce sai an nemi izinin hukumar gari kafin a haƙa ko'ina, kuma har yanzu ba a tsayar da wanda zai kai takardar ba.